Ranar da Jikana Ya Tuƙa Ni a Madatsar Hatta

Yanzu nakan manta inda na ajiye carbina, nakan manta ko na sha maganin safe, amma ranar da aka ɗaure ni cikin rigar roba mai ruwan lemo a kan hijabina aka tura ni tsakiyar ruwa a Hatta, can bayan garin Dubai, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Shekaru sun shuɗe, gwiwoyina sun ƙara lalacewa, amma in na yi shiru har yau ina jin ruwan nan yana bugun ƙasan jirgin. 'Yata ce ke rubutawa a waya ina faɗa mata, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min zance, kada ta ambaci sunan kowa.

Ni da ido na yi renon yara. Ba ni da yawan duka, ba ni da yawan surutu. In yaro ya miƙa hannu zai ɗauki nama a gaban baƙi, kallo ɗaya zan yi masa hannun ya koma da kansa. 'Ya'yana sun san wannan idon, 'ya'yan maƙwabta sun san shi. Har maigidana, Allah ya ji ƙansa, in ya ɗauko labarin da bai dace ba a cikin mutane, ina ɗaga kai zai koma zancen tsadar taki. Da wannan idon na sauka Dubai, na zo ganin 'yata da ke aikin jinya, da mijinta da ke aiki a ofishin wani gidan ajiyar kaya a Dubai Investments Park, inda filat ɗinsu yake.

A nan na gamu da wanda ya fi ƙarfina, wato jikana, ɗansu na fari, lokacin yana wajen shekara goma sha biyu. Yaron ba ya kallon fuskar mutum. Za ka yi ta harararsa har idonka ya yi ruwa, shi kuwa yana can yana kallon ƙafar kujera. Maganarsa kaɗan ce, in ya yi kalma uku a jere ranar an yi hira. Ƙara tana damunsa, don haka kullum da abin toshe kunne a wuyansa irin na masu aikin filin jirgi. Ya san tashoshin metro, jirgin ƙasan cikin birnin, a jere, daga farko zuwa ƙarshe da kuma dawowa. Doka kuwa, in aka faɗa masa ita sau ɗaya, ta zauna ke nan, ko wanda ya kafa ta bai isa ya karya ba. Likitoci sun ba abin suna, wai otizim. Na ce su riƙe sunansu, ni na san maigidana ne, don haka nake kiransa, kamar yadda kowace kaka ke kiran jikanta.

Da 'yata ta ce min makaranta na kuka da shi wai ba ya kallon idon malamai, na ce, “To wannan ai tarbiyya ce. Su je su nemo mai tsare babba da ido su ba shi kyauta.”

Ta ce, “Inna, ba wannan kaɗai ba ne matsalar.”

Ashe in aka kaɗa ƙararrawa sai ya shige ƙarƙashin tebur ya yi ta ihu, babu mai iya fito da shi. Makarantar ta ce in ba a samo wata dabara ba, ba za su iya ci gaba da riƙe shi ba. Uban ya gaji, kuma ban ga laifinsa ba. Wata rana bayan magariba na ji shi daga kicin yana cewa idan bizata ta ƙare in tafi da yaron Kano, ya zauna a gida cikin dangi, kowa ya huta. 'Yata ta yi ta kuka. Ni kuwa ina juya miya ina jin daɗi a raina, har na fara tunanin ɗakin da zan gyara masa.

Sai ga 'yata ta samo labarin wasu mutane da ke kwasar yara irinsa su kai su duwatsun Hatta lokacin sanyi, su yi 'yan kwanaki a tanti, a hau dutse, a shiga ruwa. Ba irinsa kaɗai ba, har da waɗanda aka kora daga makaranta saboda faɗa, da waɗanda gida ya rikice musu. Bayan an dawo, yaron da suka ga zai iya tafiya da su sai su haɗa shi da babba guda da zai riƙa zuwa wurinsa kowane mako, har makaranta yana raka shi. Makarantar ta ce in ya samu wannan, za su bar shi. Uban ya ce, “Wannan ne gwaji na ƙarshe. In bai yiwu ba, khalas, magana ta ƙare, ya bi Hajiya.”

Na ce yaron nan ba zai kwana a jeji da baƙin fuska ba sai ina wurin. Aka yi ta waya, aka yi ta roƙo, daga ƙarshe suka yarda in je a matsayin mai taya girki, da sharaɗi biyu: ba zan yi masa magana ba lokacin da suke aikinsu, kuma ba zan yi masa abin da aka ce ya yi da kansa ba. Na ce na yarda. A raina ina dariya. Baki suka hana, ba wanda ya ce komai a kan ido.

Bas ta kwashe mu da safe. Muka bar dogayen gidaje, muka shiga yashi, can sai ga duwatsu baƙaƙe kamar an babbaka su, ko ciyawar kirki babu. Na ce lallai mai kuɗi ba ya rasa abin yi, ka bar ɗaki mai sanyi ka biya a kawo ɗanka inda akuya ma za ta yi tunani kafin ta zauna.

Muna sauka wani dogon saurayi ya tarbe ni ya durƙusa har ƙasa. “Inna, barka da hanya. An ce min za a kawo mana sufeto daga Kano.”

Na dube shi. “Kai ɗan ina ne?”

“Damagaram.”

“Shi ya sa. To tashi, na ga alama yau aiki ya same ni.”

Shi ne aka ba jikana. A wani kanti yake aiki a unguwar Deira, ranakun hutu yake zuwa wannan aikin. Hausarsa cike da Faransanci, komai aka ce masa sai ya ce “dakor”, wato “to”. Shugabar wurin kuma wata mata ce 'yar Labanan, da usur rataye a wuyanta wanda ban taɓa jin ta busa ba, wai saboda kunnen yaran. Na tambayi ɗan Damagaram amfanin usur ɗin, ya ce don a san ita ce shugaba.

Abin da na gani a wurin nan, in ba da idona na gani ba da na ƙaryata. Ƙato da gemunsa ya durƙusa gaban yaro yana tambayarsa, za ka sa takalmi yanzu ko sai an jima? Yaro ya ce sai an jima, ƙato ya ce to, ya zauna yana jira. Wani yaro mai wuyan bajimi, wanda aka ce makaranta biyu sun kore shi, ya yi jifa da farantin shinkafa don an ba wani cinyar kaza. Na ajiye ludayi ina jiran in ga an ɗauko bulala. Sai ga malaminsa ya matso a hankali yana tambayarsa wai me yake ji a zuciyarsa. Na ce wa ɗan Damagaram, “Yunwa zai ji, tunda ya zubar.”

Ban yi wa yaron magana ba, ba ma jin yaren juna. Tsayawa kawai na yi na zuba masa ido. Ya kalle ni, ya kalli dutse, ya sake kallona ya ga ina nan. Sai ga shi ya sunkuya yana tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya. Daga ranar “Mama” yake kirana, yana ɗaukar min bokiti. Mai girkin, wani ɗan Indiya, ya fara wanke shinkafa sau biyu ba tare da na ce uffan ba. Direban bas ya daina shan taba in ina kusa. Ita kanta shugabar na lura ta daina cin abinci a tsaye.

Ɗan Damagaram ya ce, “Inna, idon nan naki ya kamata a yi masa lasisi. A kwastan yaya aka yi suka bar ki kika shigo da shi?”

Na ce, “Kallonsu na yi.”

Kowa ya shiga taitayinsa, ban da wanda na zo dominsa. Ina daga bakin murhu ina lura da shi. Na ɗauka zai ƙi abincinsu ya zo nemana, sai na ga ya zauna ya cinye farar shinkafa ba miya, hankalinsa kwance. Na ɗauka zai ƙi kwanan tanti, sai ga shi ya kafa nasa ya bi na sauran yana gyara musu turaku don ba su miƙe ba. Sau ɗaya abin ya taso masa, da aka tayar da janareta ba a sanar ba. Ya faɗi ƙasa ya dunƙule yana ihu. Na yunƙura zan ruga, shugabar ta ɗaga min hannu. Ɗan Damagaram ya je ya zauna a gefensa, ba a gabansa ba, bai taɓa shi ba, bai dube shi ba, ya ɗauki tsakuwa yana jerawa a ƙasa kamar ba shi da aikin yi a duniya. Na matse ludayi har ya yi min shaida a tafin hannu. Can ihun ya ragu. Can sai na ga hannun yaron ya fito ya gyara tsakuwa ɗaya da ta kauce daga layi. Na koma kan tukunyata ina cewa sa'a ce kawai.

Ranar ƙarshe aka ce za a je madatsar ruwa a shiga kwale-kwale, wanda suke kira kayak. Ɗan Damagaram ya faɗa min cewa yau ce za a yanke magana, don shugabar na so ta ga ko yaron zai yarda ya yi abu tare da wani a inda ba zai iya tashi ya gudu ba. Sai ga ruwan a gabanmu. Kore ne shar, duwatsu sun kewaye shi, ba ka ganin ƙasansa. Jiragen kuwa roba ce kamar bahon wanki da aka ja shi ya yi tsawo. Ni da ko kududdufin unguwa ban taɓa barin ɗana ya leƙa ba.

Aka shimfiɗa igiya mai ruwan ɗorawa a ƙasa, nesa kaɗan da bakin ruwa. Shugabar ta tara yaran ta yi musu bayani da Turanci, ban ji ko ɗaya ba, kuma ban tambaya ba. Ni an ce in zauna can sama wajen kulolin abinci. Na zauna. Na ga ana sa wa yara rigar nan mai hana nitsewa, suna shiga bibbiyu ana tura su. Na ga an sa wa nawa. Daga nan ban san lokacin da ƙafafuna suka sauko da ni ba. Na tsallake igiyar, na je har inda ruwa ke taɓa silifas ɗina, na juyo na tsaya tsakaninsa da jirgin, na tattara duk idon da Allah ya ba ni na ɗora masa. Abin da nake ce masa a fili yake, duk ɗan da na haifa zai karanta shi daga nesa: kada ka kuskura.

Yaron ya taho har ya kusa, sai ya tsaya cak. Ya fara rausaya gaba da baya. Ya ɗora hannuwa a kan kunnuwansa yana wani gunji ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, alhamdulillahi, yau dai ido ya ci.

Ɗan Damagaram ya tsuguna gefensa. “Shwaiya shwaiya, a hankali, abokina. Babu gaggawa.”

Aka yi ta jira. Sauran jiragen suka yi nisa, muryoyin yaran na dawowa daga jikin dutse. Rana ta fara zafi. Shugabar ta zo ta yi magana da ɗan Damagaram a hankali, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce min, ba tare da wasa ba wannan karon, “Ta ce in bai iya ba babu laifi, ba a tilasta wa yaro. Sai dai a bari wata shekara.”

Na san abin da wata shekara take nufi. Babu wata shekara, jirgin Kano ne. Abin da nake so ke nan tun farko, ga shi ya zo hannuna, amma sai na tuna kukan 'yata, na ji abin bai yi min daɗin da na zata ba. Duk da haka ban matsa ba. Taurin kai ba ya barin mutum don ya tsufa.

Sai yaron ya yi magana, idonsa a kan silifas ɗina.

“Kaka ta wuce igiya.”

Ɗan Damagaram ya matsa kusa. “Me ka ce?”

“Kaka ta wuce igiya. Babu riga. Ba a wuce igiya babu riga. Kaka ta wuce igiya babu riga.”

Ɗan Damagaram ya dubi igiyar, ya dube ni, ya dubi igiyar. Sai ya zauna daɓas a kan tsakuwa ya kama ciki. Da ƙyar ya iya fassara wa shugabar, ita ma ta juya baya kafaɗunta na rawa.

“Inna,” ya ce yana share hawaye, “ba ruwa yake tsoro ba. Ba kuma idonki ya gani ba, yi haƙuri. Doka aka karya a gabansa, kuma ke kika karya ta. Ba zai iya motsi ba sai an gyara.”

Na ce, “Ni?”

“Ke fa. Yanzu zaɓi biyu ne, irin yadda muke ba yara. Ko ki koma bayan igiya, ko ki sa riga.”

Ku duba min wannan ɗan. Ni zai ba zaɓi biyu. In koma baya a gaban direba da mai girki da mai wuyan bajimi, wanda bai shiga ruwa ba saboda ciwon kunne, yana tsaye yana kallon Mamarsa? Na ce, “Kawo rigar.”

Aka kawo. Kafin ɗan Damagaram ya miƙo hannu, yaron ya karɓe ta. Shi ya zura min ita a kan hijabi, ya ɗaure maɗaurin sama, ya ɗaure na ƙasa, ya ja har numfashina ya tsaya, ya sa yatsa ya gwada, ya ƙara ja. Tunda aka haife shi bai taɓa matsowa jikina da kansa haka ba. Ina jin ƙanshin man da na shafa masa a ka. Rigar ta turo min haɓa sama, hannuwana suka buɗe gefe kamar kazar da za a gasa.

Na ce, “To, an gyara doka. Sai ka shiga, Allah ya tsare.”

Ya ce, “Wanda ya sa riga zai shiga jirgi.”

“Wa ya ce?”

“Kowa da ya sa riga ya shiga.”

Na juya ga ɗan Damagaram neman ceto. Munafukin ya ɗaga kafaɗa. “Gaskiya ya faɗa, Inna, duk wanda ya sa ya shiga. Jirgin na mutum biyu ne. Da ni zan zauna gaba, amma shugaba ta ce in da ke ne ma ya yi. Zan bi ku a wani, kusa da kusa. Yalla, mu je.”

Na ce ko sama za ta haɗu da ƙasa ba zan shiga bahon nan ba. Ina rufe baki yaron ya fara rausaya, hannuwansa suka kama hanyar kunne. Na dubi hannuwan nan. Na cire jakata na miƙa wa mai wuyan bajimi, na ce masa da Hausa in wani abu ya ɓata zai gane kurensa, ya ce, “Yes, Mama.” Na yi bisimilla.

Yadda na shiga jirgin nan ba zan bari a rubuta shi duka ba. Mutum uku suka riƙe shi, ni na riƙe zanena, gwiwoyina suka yi ƙarar da aka ji a bakin ruwa. Aka zaunar da ni a gaba, yaron a bayana da sandar tuƙi. Aka tura mu.

Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa da ta saka sabon kaya, don ban san wacce za ta fara isa ba. Na riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Na so in juya in harare shi ya mayar da mu, rigar ta hana wuyana motsi, kuma ko na ɗan karkata sai jirgin ya karkata tare da ni. Ba abin da nake gani sai ruwa da dutse da yatsun ƙafata.

Na ce, “Maigida, ya isa haka. Juya mu koma.”

“Sai an taɓa jan balan-balan.”

Na hango shi can yana lilo a kan ruwa, alamar inda ake juyowa, ƙarami kamar tumatir. Na ce innalillahi.

Amma yaron ya iya. Dama, hagu, dama, hagu, bai taɓa kuskure ba, kamar agogo. Ɗan Damagaram na gefe, ya ɗan ja baya ya bar mu. Hayaniya ta yanke. Sai na ji murya daga bayana, a kwance, ba gunji, ba rawa.

“Kaka, akwai kifi a ƙasa. Suna bin inuwar jirgi.”

Na ce, “Su bi, ba ruwana da su.”

Ya ce ruwan sama ne ke taruwa a nan daga kan duwatsu. Ya ce jirgin ba zai kife ba in ba a tashi tsaye ba. Ya ce ɗan Damagaram yana minshari, ana ji daga tanti uku. Ya ce shinkafar mai girki ta fi daɗi a kwana na biyu. Magana na bin magana, ni da ban taɓa jin ya haɗa zance biyu ba. Na manta da addu'a, na kasa kunne.

Sai ya ce, “Na ji Baba ya ce zan bi ki Kano.”

Mu duk mun ɗauka in yana kallon ƙafar kujera ba ya jin mu.

“Ba na so.”

Na ce, “Ba ka son matarka ke nan? Za ka sake ni a tsakiyar ruwa?”

“Ina son ki. Amma Umma ba ta Kano. Kuma babu metro. In kin tafi ki riƙa zuwa.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa min tun tuni? Kullum muna tare a ɗaki ɗaya.”

Ya yi tuƙi kaɗan kafin ya amsa. “Kina kallona. In kina kallona maganar tana ɓacewa. Idonki kamar fitilar mota ne da dare.” Ya sake tuƙi. “Bayanki ya fi.”

Jama'a, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar, na je Makka, ba a taɓa ce min ƙeyata ta fi fuskata ba sai ranar. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun, rigar na tare hawayen a haɓata. Ba abin da nake so a lokacin kamar in juya in ga fuskar yaron nan yana magana. Na san in na juya zai yi shiru. Na kafe idona a kan balan-balan ɗin na ce, “Ina jin ka, maigida. Ci gaba.” Ya ci gaba. Har muka taɓa abin muka juyo bai rufe baki ba. Na san sunan kowace tasha daga nan har ƙarshen layi kafin mu iso gaɓa.

Da muka kusa, na hango mutane sun taru suna tafi da yatsu biyu, irin tafin da suke yi don kada a yi ƙara. Na ga ƙasan ruwa ya bayyana, tsakuwa na ƙyalli. Na ce an shigar da ni kamar buhun gero, amma da ƙafata zan fita, kamar mutuniyar kirki. Na miƙe tsaye.

Ashe ruwan nan mayaudari ne. Jirgin ya tafi hagu, ni na tafi dama. Na ji sanyi ya rufe ni, na ce shi ke nan, a Hatta aka rubuta. Sai na ji an cillo ni sama. Ga ni kwance a kan ruwa ina lilo kamar duma, hijabi ya baje kewaye da ni, silifas ɗaya ya kama hanyar ƙasar Oman. Ɗan Damagaram ya faɗo ruwa ya kamo ni ta maɗaurin riga, mai wuyan bajimi na ihu “Mama! Mama!” da jakata a ƙirjinsa. Jikana kuwa yana zaune daram a jirginsa, ko jiƙewa bai yi ba. Ya dubi rigar, ba ni ba, ya ce, “Ba a tashi tsaye sai an ce.” Ya ɗan yi tunani ya ƙara da cewa, “Amma riga tana aiki.”

Ɗan Damagaram na jana zuwa gaɓa yana cewa, “Dakor, Inna, yau Damagaram ta ceci Kano, a rubuta.” Na so in harare shi, ruwa ya cika min ido.

A bas, ina naɗe cikin bargon wani yaro, shugabar ta zo ta ce an ɗauki jikana, kuma ɗan Damagaram ne zai riƙa zuwa masa. Ta ce wai ko zan dawo baɗi in taya su. Na ce a gaya mata in dai a tudu ne.

Da muka isa gida uban ya saurari labarin, ya yi murna, amma na ji yana jan zance, wai duk da haka a duba, ko zaman Kano zai fi wa kowa sauƙi, tunda Hajiya ma ta nuna tana so. Ni ba na doguwar magana da suruki, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Daga bakin ƙofar kicin na tsaya na ce wa 'yata, da ƙarfin da zai ji, “Ki faɗa wa maigidanki yaron nan ba inda za shi. Na tambaye shi, ya ba ni amsa. Ni kaɗai na zo, ni kaɗai zan koma.” Sai na ji uban ya ce, “To, Hajiya. Allah ya sa haka ne alheri.” 'Yata ta shigo kicin ta rungume ni ta baya, na ce ta sake ni miya za ta kama.

Yaron ya zauna a makarantarsa. Ba wai an daina shan wahala ba, har yau akwai ranakun da ƙarƙashin tebur ya fi masa ko'ina. Amma yana gaban uwarsa, kuma ya samu wanda ya san yadda ake zama a gefensa.

Abin da ranar ta koya min, na daɗe ina tsaron yara ina ɗauka sanin su nake yi. Na san lokacin da yaro zai yi ɓarna tun kafin ya motsa, amma ban taɓa tambayar kaina me yake so ya faɗa min da tsorona ya hana shi ba. Kuma ranar da na fi ganin ina kare jikana, ni ce na tsaya masa a hanya. In kuna da yaron da ba ya magana, kada ku yi saurin cewa ba shi da abin faɗa. Ku rage masa nauyinku, ku ba shi lokaci, ku yi shiru ku ji. Ni sai da aka ɗaure ni aka kai ni tsakiyar ruwa na gane haka. Ku da kuke kan tudu, ba sai an kai ku can ba.